Neman shawara: in sa wa Corolla aloi rim ɗin Camry?

Malami daga Arkilla, Sakkwato:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Corolla 2010 'yar Amurka. Tun da na saye ta da rim ɗin ƙarfe take, inci 15, taya 195/65R15, kuma tayoyin sun suɗe, dama lokacin canji ya yi. Jiya wani mai sayar da kayan mota ya nuna mini aloi rim huɗu da aka ciro daga Camry, inci 17, da tayoyinsu 215/55R17 a jiki, zanen bai ci sosai ba. Kuɗin da ya yanka bai kai na sabbin taya huɗu ba. Na ƙirga ramukan noti, biyar ne kamar nawa. Ya ce ko bai zauna daidai ba akwai mai injin da zai ɗan buɗa ramukan. Gaskiya sun shiga raina. To amma duk ƙarshen mako ina ɗaukar iyali mu je Tambuwal gaida mahaifiyata, shi ya sa na ƙi ba da kuɗi sai na ji ta bakinku. Ya ɗaga mini ƙafa zuwa jibi.

Bakanike, hanyar Gusau:
Wa alaikumus salam Malam. Kada ka biya ko sisi. Ramu biyar da ka gani ba shi ne maganar ba, faɗin da'irar da ramukan sunka zauna kanta shi ake kallo. Corolla irin taka 5x100 ce, wato ramu biyar kan da'ira mai faɗin milimita 100. Camry kuwa 5x114.3 ce. Kowane ƙarfen noti zai kauce wa raminshi da kusan milimita 7, rim ɗin ba zai ko shiga ba.

Maganar buɗa rami kuma, don Allah ka bar ta. Bakin ramin nan an sassaƙa shi ne daidai yadda noti zai zauna ya riƙe. Da zarar an ci shi da inji, noti gefe guda zai kama, gefe guda yana iska. Ka ɗaure yau, gobe ya saki. Na sha ganin motar da anka kawo muna ƙarfen noti biyu sun karye, in ka bincika sai ka iske aikin buɗa rami ne. Sannan ramin tsakiya ma ba ɗaya ba ne: na Camry milimita 60.1, hob ɗinka, wato cibiyar da rim ke zama kanta, 54.1.

Alhaji mai Corolla biyu:
Abin da Oga ya faɗa haka yake, sai dai in ƙara abu ɗaya don kada wani ya karanta ya ruɗe. Ba kowace Corolla ta waɗannan shekarun ce 5x100 ba. Wadda aka yi wa kasuwar Turai tana zuwa da 114.3, irin ta Camry. Ina da ɗaya a gida. Tunda ka ce taka 'yar Amurka ce, ka tsaya kan 100, amma duk wanda zai sayi rim ya sa a cire taya ɗaya a gwada a gabansa kafin kuɗi su bar aljihu.

Mai faci, Kwannawa:
Malam, ni tayar ce ta fi damuna. Ka koma wurin mutumin nan ka duƙa ka duba gefen tayar, inda anka rubuta DOT. A ƙarshen layin akwai lamba huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2321, an yi ta a mako na 23 na 2021. Zane ba ya faɗin shekarun taya. Taya tana iya zama da zanenta raɗau alhali robar ta bushe, in ka matsa gefenta ka ga tsaga ƙanana kamar faso. Irin wagga ita ce ke fashewa tsakanin Bodinga da Tambuwal da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, lokacin da zafi ya haura 40 a inuwa, balle kan kwalta. Ba banza ba tayar gwanjo take cikin kayan da kwastan sunka hana shigowa da su.

Ka duba kuma inda anka nuna juriyar zafi, A ko B ko C. A ita ce ta sama. A garin nan ni ba na ba mai tafiyar nesa shawarar C.

Injiniya, Runjin Sambo:
Bari mu yi lissafin, mu ɗauka ma ramukan sun dace. Tayarka ta yanzu, 195/65R15 (wato faɗi milimita 195, gefe kashi 65 cikin ɗari na faɗin, rim inci 15), tsayinta gaba ɗaya kusan milimita 635 ne. Waccan 215/55R17 kusan 668. Ta fi taka da kashi 5 cikin ɗari da ɗoriya. Idan allurar gudu ta nuna maka 100, kana kan 105 ne ba ka sani ba. Motar za ta yi nauyin tashi, shan mai zai ƙaru, kuma ranar da ka cika ta da iyali da buhun shinkafa a but, ka faɗa gargada ko ka karya sitiyari har ƙarshe, da wuya taya ba ta goga madigadi ba.

Ƙa'idar ita ce in rim ya ƙara girma, gefen taya ya ragu, tsayin ya tsaya kusa da na asali. A inci 16 sai 205/55R16, tsayinta 632, kuma da ita Toyota da kansu suka fitar da wasu Corolla na wannan shekarar. A inci 17 sai 215/45R17.

Ɗan Mabera:
Ni fa inci 17 ne a tawa, 215/45, shekara guda ke nan, kuma lafiya lau. Motar ta fi kama ƙasa a kwana, kyau kuma ba a magana. Kada a tsorata Malam, in ya samu 17 mai 5x100 ya sa abinsa.

Direban Illela:
Ɗan Mabera, kai cikin gari kake yawo, daga Gawon Nama zuwa Ahmadu Bello Way. Malam ya ce Tambuwal yake zuwa duk mako. Injiniya ya faɗa muna tsayin gefen kowace in ya yarda, amma ni da ido na san 45 ba ta da nama. Gefen taya shi ne katifar da ke tsakanin rim da bakin rami. Shekara goma sha ina bin hanya, ban taɓa sa wa motar haya aloi mai siririyar taya ba. Rim ɗin ƙarfe in ya lanƙwashe, mai faci na bakin hanya zai buga shi da guduma ka isa gida. Aloi in ya tsage iska ta tafi, sai safaya. Kuma da damina, ramin da ruwa ya rufe ba ya sallama.

Injiniya, Runjin Sambo:
Gaskiyar direba ce. Gefen 195/65 kusan milimita 127 ne, na 205/55 kusan 113, na 215/45 kusan 97. Santimita uku cur ka rasa in ka hau 17.

Ɗan Mabera:
To, na yarda sau ɗaya na yi gyaran rim bayan ruwan bara. Amma sau ɗaya ne.

Hajiya, Gidan Dare:
Malam, ni abin da ya same ni zan faɗa maka. Na sa aloi a motata, aka mayar da tsofaffin notina. Da na kai gudu 90 sai sitiyari ya kama rawa. An yi balansin sau biyu bai daina ba. Ashe ramin tsakiyar rim ɗin ya fi hob faɗi, ba a sa zoben da ke cike tsakani ba, notin kuma ba irin nasa ba ne. Da aka sa zobe aka canza noti, shi ke nan. Ka tambayi waɗannan biyun tun kafin a ɗaura.

Bakanike, hanyar Gusau:
Hajiya ta taɓo inda ke ciwo. Aloi na Toyota na asali notinshi mai washa ne, bakinshi a baje. Yawancin aloi na kasuwa mai tsinin baki suke so. Ba a haɗa su. Noti ya shiga da hannu, ya yi zagaye kamar takwas kafin ya kama. A ɗaure a tsallake, ba a jere ba, kuma kada yaron shago ya hau sifana da ƙafa yana tsalle, ƙarfin da Toyota sunka ce 103 Nm ne. In ka yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100 ka dawo a sake bi. Kafin ka biya, a juya maka kowane rim ka ga cikinshi, in da alamar walda ka bar shi, kuma a ɗora shi kan injin balansin ka ga ko yana layi.

Malami daga Arkilla:
Allah ya saka da alheri, ya ƙara arziki. Na koma da safe. Lambar tayoyin 3617 ce, wato na 2017, guda ɗaya ma ta 2016 ce, kuma na ga tsagar da mai faci ya faɗa. Mun cire tayata ta gaba mun gwada, rim ɗin bai shiga ba. Na ba shi haƙuri. Yanzu na samu inci 16 na Corolla na asali mai 5x100 da notinsa, zan sa sabbin 205/55R16. Tambaya biyu suka rage: iska nawa zan sa, tunda wasu na cewa a rage da bazara? Kuma in sayar da tsofaffin rim ɗin?

Mai faci, Kwannawa:
Kada ka rage, Malam. Tayar da ba ta da isasshiyar iska ita ta fi ɗaukar zafi, don gefenta na ta lanƙwasa tana tafiya. Takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba ta tayar inci 15 ce, ka duba littafin motar ka ga na 16, talatin da 'yan kai ne a ma'aunin iska na psi, ba 45 da ake dura wa mutane ba. A auna da safe kafin ka hau hanya, kuma in ka tsaya a Shagari ka ga ta hau, kada ka sace, zafi ne. Rim kuma ka sayar da uku, ka bar guda mai lafiya da notinshi biyar, ka sa mishi taya mai kyau ya zama safaya.