Jirgi ya shekara rabi a ajiye, me kuka tarar ranar da kuka zo tayar da shi?

Abban Sadiq:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka taɓa ajiye ƙaramin jirgi ya daɗe bai tashi ba ku zo ku ba mu labari. Yayana yana da wani mai kujera biyu, injin Rotax 912 mai ƙarfin doki 80, fukafukan na ƙyalle ne, tun farkon damina yake cikin rumfar kwano a gona bai motsa ba saboda filin ya jiƙe kuma shi mai jirgin ba ya ƙasar. Yanzu ruwa ya ɗauke yana so a shirya masa shi kafin hazo ya sauka, ni kuma makanikin mota ne, abin da na sani na sani amma jirgi ba a faka shi gefen titi in ya tsaya. Ba karatun littafi nake nema ba, wannan muna da shi, abin da idonku ya gani nake so.

Baba Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam ɗana. Abu na farko zanzaro. Kafin inji kafin komai, zanzaro.

Ni a Kaduna na yi aikina, zamanin Air Beetle, wanda asalinsa RV-6A ne na kamfanin Van's na Amurka, aka kawo kayan jirgi 60 aka harhaɗa su a nan Kaduna don koyar da matuƙan sojan sama. To bayan na bar aiki wani bawan Allah ya kira ni in duba masa nasa da ya kwana damina kamar naku. Daga waje tsaf yake, an wanke shi yana ƙyalli. Na leƙa ɗan bututun nan da ke ƙarƙashin fiffike, wanda iska ke shiga ya nuna maka gudunka, bakinsa fes, sai da na kwance tiyon ta baya na busa waje sannan laka ta faɗo, busasshiya, har da tsutsar a ciki. Can ciki ya yi ginin inda ido ba ya kaiwa. Ka kula, ta baya ake busawa bayan an cire tiyon daga agogon, in ka busa ta gaba agogon yana haɗe ka kashe shi.

Kuma kar ka ce ƙaramin abu ne. A 1996 wani Boeing 757 na Birgenair ya faɗa teku jim kaɗan da tashinsa daga Jamhuriyar Dominican, mutum 189 suka rasu, masu bincike suka ce bututun nan ne ya toshe kuma zanzaro suka fi zargi, don jirgin ya yi makonni a ƙasa. To ina ga namu. Ka duba har ramin da tankin mai ke shaƙar iska, shi ya fi ban tsoro ma, don in ya toshe inji zai tashi lafiya ya yi ta aiki a ƙasa, sai kun ɗaga sama mai ya ƙi saukowa.

Injiniya Ɗan Sabongari:
Baba ya gama magana kan zanzaro, ni mai zan yi magana a kai. Wlh duk fetur ɗin da ke cikin tankin nan ku juye shi, a zuba a janareto ko babur, kar a yi tunanin asara. Na buɗe kafiretan wani 912 da ya zauna haka, kun san guda biyu ne, kofin ƙasan na hagu akwai wani abu kore-kore mai danƙo ya kama jet, wato ɗan ramin da mai ke bi, na dama kuma ruwa ne zalla kwance a ƙasa. Ruwan ba wai rufi ne ya yi yoyo ba, raɓa ce, tanki in ba a cike yake ba iskar damina tana shiga da rana ta huce da dare ta zama ɗigo, kullum kaɗan kaɗan. Ka tsiyaya daga can ƙasan tanki cikin kwalba mai haske ka ɗaga ta ka gani, ruwa ƙasa yake zama. In ka ga kwalbar duk launi ɗaya kar ka yi murna tukuna ka shinshina, yana iya zama duk ruwa ne.

Sannan shi 912 yana shan fetur ɗin mota ba dole sai avgas, wato man jirgin nan mai shuɗi ba, wannan gata ne, amma gidan man da za ka saya shi ne magana. Kun tuna Fabrairun 2022 da aka shigo da fetur mai methanol ya lalata wa mutane motoci? Tun lokacin ban ƙara zuba wa jirgi mai ba sai na tace shi da mazurari mai raba ruwa. Sai tiyo-tiyon roba, su Rotax da kansu sun ce duk shekara 5 a canza su ko sun yi kyau a ido, ka duba littafin jirgin ka ga yaushe rabon.

Abban Sadiq:
Allah ya saka Baba, Injiniya na gode. Baƙin mai fa? Na zaro sandar awo jiya na ga kamar babu, gabana ya faɗi.

Injiniya Ɗan Sabongari:
A'a kar ka ƙara ko ɗigo tukuna oga. Tankin baƙin man 912 daban yake da inji, in ya zauna man yana gangarawa cikin inji. Ka tabbatar makunnan duk a kashe suke, ka buɗe murfin tankin, ka riƙa juya farfela da hannu a hankali ta ɓangaren da take juyawa in inji na aiki, har sai ka ji tankin ya yi gyatsa, wlh kamar mutum, sannan ka auna. Mutane da yawa sun cika shi ya wuce layi saboda wannan.

Maman Iman:
Sannunku da ƙoƙari. Ni matuƙiya ce ba makanike ba amma bari in faɗi nawa. Wanda muke hawa ni da maigidana na ƙyalle ne shi ma, bayan ya zauna na zo ina zagaya shi sai na ji wani zarni ta wajen jela. Muka buɗe ƙananan murafun dubawa muka haska tocila, ɓera ya yi sheƙa da tsumma da buhun leda daidai inda wayar ƙarfen da ke jan jela ta wuce kan ɗan gargarenta, fitsarin ya ci wayar har silin farko sun fara tsinkewa. Da na ja sanda a cikin jirgi komai yana motsi lafiya lau fa, ba abin da za ka ji a hannu. Injiniyan da ya zo ya nuna min a naɗa tsumma a bi wayar da shi, duk inda ya maƙale akwai silin da ya karye. Abban Sadiq gona ce ka ce, kusa da hatsi, to ka ɗauka ɓera ya shiga har sai ka tabbatar bai shiga ba. Ka duba wayoyin wuta bayan allon agogo ma, suna son gwaguyarsu.

Shi kuma ƙyallen rana ce ke kashe shi ba ruwa ba. Ɓangaren da ke kallon bakin rumfa ka gwada shi daban.

Alhassan na Nima:
Gaisuwa daga Ankara ta Ghana. Ni a filin Kpong na fara ganin yadda ake haɗa ƙananan jirage da hannu, kusa da kogin Volta, Zenith CH 701 na alminiyon da injin Rotax, a nan Patricia Mawuli ta koyi aikin har ta zama matuƙiya. Mu nan damuwarmu laima ce ta fi taku nesa. Wani da na taya aiki daga baya, jirginsa na alminiyon, muka ga wani farin gari yana fitowa kewayen kan ƙusoshin ribit a ƙasan fiffike, fenti ya ɗan kumbura. Alminiyon ba ya jan tsatsa irin ta ƙarfe, fari yake yi kamar toka, shi ya sa ake raina shi. Naku ko da ƙyalle ne ƙashin cikinsa bututun alminiyon ne ko ƙarfe, a duba inda ƙarfe biyu daban suka haɗu da kuma can ƙarshen jela inda ruwa ke taruwa.

Sani Rimot:
Manya ku yi haƙuri ni nawa na rimot ne, da fom da gam nake yi a Kano, amma abin ɗaya ne. Batiran lipo, irin na jiragen rimot, da aka bari cike a ɗaki mai zafi duk sun kumbura, ya kamata a ajiye su wajen volt 3.8 kowane sel ba 4.2 ba. Kuma fom ɗin fiffike ya lanƙwashe don an jingine shi da bango, ina sakinsa ya karkata hagu ya dawo ƙasa. Shi ne nake tambaya ko babban ma yana lanƙwasa in taya ɗaya ta sace ya zauna a karkace?

Baba Mai Ritaya:
Sani tambayarka mai kyau ce. Fiffiken ba zai lanƙwashe don wannan ba, tayar ce za ta lalace, kuma mai zai taru gefe ɗaya. Amma ka tuna min da batir, Abban Sadiq a caja shi a gwada.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi damuna. Yayanka shi ma ya yi wata shida bai tashi ba. Hannu yana mantuwa. Kar ranar farko ya ɗauki kowa, kai ma kar ka hau, kuma in da hali ya fara zagayawa da malamin tuƙi. Injiniya mai lasisin NCAA, hukumar kula da jiragen sama ta Najeriya, ya duba ya sa hannu a littafi, aikinka na makanike taimako ne amma sa hannun nasa ne. A tashi da sassafe bayan asuba ta waye, don zafi yana sirantar da iska. Filin Kano tsayinsa wajen ƙafa 1,560 ne daga teku, amma ranar da zafi ya kai 40 jirgi ji yake kamar yana kusan ƙafa 5,000, gudun da zai yi a ƙasa kafin ya ɗaga ya ƙaru, hawansa ya ragu. Ga ciyawar bayan damina tana riƙe taya. A yanke ta, a taka filin da ƙafa daga farko har ƙarshe, ramin gara da inda shanu suka taka ya bushe duk a cike. In ya tashi ya yi ta kewaya saman filin inda ko inji ya ɗauke zai iya saukowa.

Maman Iman:
Gaskiya ne Baba. Kuma in hazo ya riga ku ku haƙura kawai, na taɓa tashi sama tana garau, kafin in juyo ƙura ta rufe har bakin sararin ba na gani, ƙasa kawai nake hange in na kalli ƙarƙashina.

Abban Sadiq:
Jama'a yau na wuni a gonar. Baba wlh kamar kana wurin, ramin iskar tankin dama a toshe yake da laka, na gudun kuma lafiya. Na juye man, ruwa ya kai rabin ƙaramin kofin shayi. Baƙin mai ya dawo daidai layi bayan gyatsar. Hajiya ban ga sheƙa ba amma akwai kashin ɓera ƙarƙashin kujera, don haka gobe zan cire kujerun in bi wayoyin da tsumma. Littafi ya nuna tiyon roba shekararsu 6, na faɗa wa Yaya ba inda jirgin nan za shi sai an canza, ya amince. Injiniya a ina kuke samun na asali, daga Afirka ta Kudu ake turo muku ko Turai, kuma yana ɗaukar kamar sati nawa kafin ya iso?