Da sun kira 911 tun farko, da fim ɗin Emergency ya ƙare a minti goma?

Sadiq: Jama'a na gama kallon Emergency ɗin nan na 2022 da kuka dame mu da shi a Prime Video, kuma wallahi haushi na ji. Ga wanda bai gani ba, ɗaliban jami'a ne a Amurka, Kunle da Sean baƙaƙen fata, sai abokin zamansu Carlos ɗan Latino. Sun shigo gida da daddare suna shirin zuwa fati sai ga wata baturiya yashe a falonsu ta sha ta yi tatul, ba su san ta ba, ba su san ta ina ta faɗo ba. Kunle yace a kira 911, lambar kiran gaggawa ta Amurka, Sean yace atafau ba za a kira ba, 'yan sanda na zuwa su za a ɗora wa laifi. Sai suka cusa ta a mota wai za su kai ta asibiti da kansu. Ni a ganina tsoron nan ƙirƙirarsa aka yi don fim ya yi tsawo, kira ɗaya da an gama magana

Ummi: Kai Yaya Sadiq, kai fa komai sai ka ce ƙirƙira 😂 ni dai na sha dariya har cikina ya ƙulle, musamman wajen turawan nan mata da miji da suka kafa allon Black Lives Matter, taken masu kare haƙƙin baƙaƙen fata, a ƙofar gidansu amma da suka hango yaran a mota sai suka ɗaga waya suna ɗaukarsu bidiyo wai masu sayar da ƙwaya ne

Baffa na Bronx: Sadiq ƙanena, kana kallo daga Kano ne shi yasa. Bari na baka biyu kawai. A 2013 a Charlotte, Jonathan Ferrell, saurayi baƙar fata, ya yi hatsarin mota da daddare, ya lallaɓa ya ƙwanƙwasa wani gida neman taimako, matar gidan ta tsorata ta kira 911, 'yan sanda suka zo ɗaya ya harbe shi har lahira, babu makami a hannunsa. A Oktoban 2019 a Fort Worth can Texas, maƙwabci ne ya ga ƙofar gidan su Atatiana Jefferson a buɗe cikin dare, ya kira layin 'yan sanda wanda ba na gaggawa ba ma, don kawai a leƙa a ga lafiya. Tana ciki tana buga gem da ɗan 'yar uwarta mai shekara 8, ɗan sanda ya harbe ta ta taga. To wannan maƙwabcin alheri yayi niyya. Yanzu ka ce min yaro kamar Sean da ya tashi yana ganin irin waɗannan a labarai, ga baturiya a sume a falonsa, ga shi ya ɗan sha abin da ya sha, marubuci ne ya ƙirƙira masa tsoro?

Sadiq: Baffa ban ƙi taka ba, amma dare da rana ake kiran 911 a ƙasar nan taku kuma ambulans na zuwa ta ɗauki mara lafiya ta tafi lafiya lau, su ba a sa su a labarai. Kuma shi ɗan sandan Fort Worth ai an ɗaure shi a 2022

Baffa na Bronx: An ɗaure shi, ita ta dawo? Kuma nan unguwar da nake Amadou Diallo ɗan Gini ne aka yi wa harbi 41 a 1999 yana ƙofar gidansu, walat ya ciro, kotu ta wanke su duka huɗun

Anti Binta: Ku tsaya ni in faɗi nawa a matsayina na nas, don duk kun manta da yarinyar kamar buhun shinkafa ce aka ajiye a bayan mota. Wanda giya ta kayar har baya amsawa, abin da ake gudu shine yayi amai ya shaƙe, ko numfashinsa yayi ta raguwa har ya tsaya. A kwantar da shi ta gefe, kar a ɗura masa komai a baki, a nemo taimako nan take. Su kuma me suka yi, yawo suka dinga yi da ita gari gari, suna tsayawa nan suna musu can, har suka ba ta abin sha ashe shima da giya a ciki. Ina kallo ina ta zaginsu ni kaɗai a ɗaki. Tsoron Sean gaskiya ne Baffa, ban musa ba, amma dabararsa ce ta kusa kashe 'yar mutane, kuma da ta mutu a motar nan ai abin da yake gudu ya ninka goma, maza uku da gawar yarinya 'yar sakandare, wa zai saurare su

Sadiq: Yauwa Anti, Allah ya ƙara girma, abin da nake ta faɗa kenan

Anti Binta: A'a kar ka ja ni ɓangarenka, kai cewa kayi ƙarya ne tsoron. Ni cewa nayi gaskiya ne amma bai isa hujjar wasa da rai ba

Malam Habu: Ni abin da ya tsaya min daban ne. Ina amfanin sa barkwanci a magana irin wannan? Shekara biyu da kashe George Floyd a Minneapolis, mutane basu gama kuka ba, a fito da fim ana ƙyalƙyala dariya. Ummi kin ce cikinki ya ƙulle, to ni ban ga abin dariya ba

Ummi: Malam ai dariyar ce tarkon. Sun bari ka saki jiki kana ganin shirmen samari ne kawai, sai ƙarshe da yarinyar ta daina numfashi Kunle na danna mata ƙirji a bayan mota yana ƙoƙarin ceto ta, 'yan sanda suka zo suka fizgo shi suka kifa shi ƙasa da bindiga a kansa. A nan dariyata ta ɗauke ɗif. Kuma ku lura ba Sean aka yi wa haka ba, shi ya riga ya fita daga motar tun tuni. Kunle aka yi wa, ɗan boko mai shirin tafiya jami'ar Princeton, wanda tun farko shi ke cewa a kira su don ya yarda da su. Matar da ta rubuta, K.D. Dávila, har kyautar rubutu ta ci a bikin fina-finai na Sundance da shi, ba da ka ta yi ba

Sadiq: To amma ai ba su harbe shi ba, sun sake shi, har ma nuna masa suka yi da tun farko ya kira ƙwararru. Fim ɗin da kansa ya gaskata ni

Baffa na Bronx: Ka kalli fim ɗin har ƙarshe kuwa ko kana danna waya? Da yarinyar da yayarta suka zo ba da haƙuri da takarda a hannu ana karantowa Kunle rufe musu ƙofa yayi. Daga baya ana zaune ana wasa, jiniya ta wuce daga nesa, ka ga fuskarsa? Wannan kake kira an sake shi

Malam Habu: Sadiq tambaya ɗaya, ka amsa tsakaninka da Allah. Kana tuƙi ƙarfe ɗayan dare ka ga mutum kwance gefen titi jina-jina, kai kaɗai ne, za ka ɗauke shi ka kai asibiti? Don a nan Najeriya ma sai da aka yi doka a 2017 cewa dole asibiti ya karɓi mai raunin harbi ba sai da rahoton 'yan sanda ba, kuma kada a takura wanda ya kawo shi. Me yasa aka yi dokar in ba don mutane na wucewa su bar ɗan'uwansu saboda gudun a riƙe su a caji ofis ba

Sadiq: Wannan daban Malam, nan ba maganar launin fata ba ce

Ummi: Bai ce launin fata ba, cewa yayi za ka tsaya ko ba za ka tsaya ba

Sadiq: Zan kira wani ya zo mu zama mu biyu tukuna

Anti Binta: Kafin na biyun ya iso jini ya gama zuba. Sean ma ai wani gida ya fara kai su neman a canza mota