Na ɗaga motata saboda hanyar gona, yanzu tana ba ni tsoro a kan kwalta

Baban Hajara, Aboabo:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman daga mutanen Magazin, unguwar garejoji da kayan gyaran mota ta Suame a nan Kumasi.

Ina da Land Cruiser 79 mai buɗaɗɗen baya, injin 1HZ. Da ita nake shiga ƙauyukan Ejura da Atebubu sayen masara da doya. Bara da damina sau uku cikinta yana zama a kan tudun da tarakta ta bari tsakiyar hanya, tayoyi suna ta juyawa a banza, sai da na nemo samari da shebur. Shi ya sa kafin ruwan Afrilu na kai ta wani gareji aka ɗaga min ita inci 4. Gaba aka sa dogon sifirin mai laushi. Baya aka ƙara wa fallayen sifirin lanƙwasa, aka zare biyu, aka sa dogon shakul, wato ƙarfen da ke rataye ƙarshen fallayen a jikin shasi. An kuma cire sandar gaba da suke kira sitabilaiza, wai ita ke hana taya sauka cikin rami. Taya na sa mai manyan haƙora, inci 35.

A daji ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Amma kwana biyar a mako a cikin Kumasi nake, kuma da ita nake kai yara makaranta. A miƙaƙƙiyar hanya sitiyari ba ya tsayawa waje ɗaya, sai in yi ta lallaɓa shi dama da hagu. Ranar Laraba a shataletalen Airport wani mai pragya, wato keken haya mai taya uku, ya faɗo gabana, na kauce masa, motar ta kwanta gefe har na ji kamar tayar ciki ta bar ƙasa. Hajara ta buga kai da gilashin ƙofa, goshinta ya kumbura. Tun ranar ban sake ɗaukar su a ciki ba. Shin akwai gyara, ko dole in mayar da ita yadda take?

Fita (makaniki) na Suame:

Wa alaikumus salam. Yaya, Allah ya ƙara kiyayewa, a duba mana Hajara.

Kafin komai, ka koma ka karɓo sandar nan. Idan sun ce ta ɓata, a Magazin ba za ka rasa ta 79 ba. Aikinta ta haɗa tayar dama da ta hagu, ta yadda idan bodi ya so kwanciya gefe sai ta murɗe ta tare shi. Kai kuma an ba ka sifirin mai laushi, an ɗaga nauyin motar sama, sannan an zare abin da ke riƙe ta. Ka lura ma ba inci 4 kaɗai ta tashi ba. Tayarta ta asali wajen inci 32 ce, taka 35, rabin bambancin ya hau kan tsayi, ka ga ta doshi inci biyar da rabi. Sai an sa wa sandar dogayen hannuwa daidai da sabon tsayin. Akwai irin waɗanda ake zare musu fil idan an shiga burji, a mayar idan an fito kwalta.

Yawon sitiyari kuwa daga kasta yake, wato kusurwar da ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa bayan ka sha kwana. Aksul ɗin gaba na 79 a kan dogayen hannuwa biyu yake. Da ka ɗaga bodi, hannuwan sun karkata ƙasa, aksul ya ɗan juya, kusurwar ta ragu. A inci 2 bushin na musamman, wato robar da ke mahaɗar hannuwan da aksul, yana gyara wannan. A inci 4 bushin ba zai kai ba, sai farantin ƙarfe mai mayar da kusurwar ko a canza hannuwan gaba ɗaya, kuma wannan kuɗi ne.

Abin da ya fi damuna, wanda ba ka ma ambata ba, shi ne birki. Ka leƙa ƙarƙashi ta baya. Idan taka ba mai ABS ba ce, wato na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki, za ka ga ɗan bawul a jikin shasi, da siririyar sanda da ta sauka zuwa aksul. Shi ke auna yadda baya ya zauna, idan lodi ya danne ta sai ya ƙara wa tayoyin baya ƙarfin birki. Yanzu da aka ɗaga baya, ko buhu nawa ka loda gani yake motar wayam take, sai ya bar wa gaba kusan duka aikin. Ɗan ƙarfe ake ƙarawa a ɗaga mazaunin sandar daidai da incin da aka ɗaga motar. Aikin bai fi awa ɗaya ba, amma na sha ganin motocin da aka manta da shi. Ka sa a duba tiyon birki ma, kada ya zama yana miƙewa tsam idan taya ta faɗa rami, sannan shokozoba, in tsohuwar ce a kai ta yi gajarta kuma ba za ta iya kashe lilon sifirin mai laushi ba.

Alhaji Tsohon Direba:

Masta ya faɗi gaskiya, amma ni ɗana, da za ka ji tawa, ka sauke ta zuwa inci 2 ka mayar da fallayen da aka zare. Mai ɗaukar masara ba ya rage falle. Shekara da shekaru ina bin hanyar Mampong da lodi, kuma gangaren dutsen nan ba ya son doguwar mota mai laushin baya. Ka shiga kwana ta kwanta, ka fito ta wurgo kanta ɗaya gefen, kai kuma ka riga ka murza sitiyari don ka tare ta farko. A wannan wurgowa ta biyun ake kifewa.

Kafin ka gyara, ka rage gudu tun kana miƙe, kada ka bari sai ka shiga kwana sannan ka taka birki. Ƙarfin da ke tura mota waje a kwana ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba. Kwanar da ka sha a 40, idan ka sha ta a 60 turin ya ninka fiye da sau biyu. Malejinka ma yanzu ragi yake yi maka saboda babbar taya: idan ya nuna 50, wanda shi ne iyaka a cikin gari, kana wajen 55. Buhuna kuma a shimfiɗa su a ƙasan bodi, a matso da su kusa da gidan direba, ban da tula su sama da ƙarfen. Idan an yi yayyafi ka ba ta gabanka tazara sosai, tayar laka ba ta kama jiƙaƙƙiyar kwalta kamar yadda kamanninta ke nunawa.

Maman Sadiya, Asawase:

Ni ban san ƙarfe ba, amma a bakin titi nake sayar da koko da ƙosai. Irin motocinku idan sun tsaya, yaron da ke tsallakawa dab da hancinsu direba ba ya ganinsa sam, na sha daka wa direba tsawa ya dakata. Da asuba kuma fitilarku kai tsaye take shiga idon masu pragya da masu babur. Don Allah Baban Hajara, idan za a yi gyaran a sunkuyar da fitilar, kuma ka riƙa leƙawa kafin ka tashi a lungunan Aboabo.

Baban Hajara, Aboabo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajara ta samu sauƙi, kumburin ya saɓe. Da safen nan na shiga ƙarƙashin motar da tocila, bawul ɗin yana nan yadda Masta ya kwatanta, babu wanda ya taɓa shi, kuma sau biyu na sauko gangaren Mampong da cikakken lodi a haka. Na karɓo sandar da fallaye biyun, suna bayan mota. Alhaji, na ɗauki shawararka ta inci 2. Hajiya, fitila ma tana cikin lissafi. Masta, saura abu ɗaya: idan na sauke ta, tayar 35 za ta riƙa gogar bodi a kwana, ko in nemi mai saye in koma 33?