Hutun haihuwa: rabin albashi ko in koma ranar arba'in?

Maman Nana, Bukoki: Salamu alaikum ƴan uwa. Ni ke riƙe da kes a wani shago nan Yamai, shekara ɗaya da wata takwas, albashi jika 60. Cikina wata bakwai. Patron ya ce ko in ɗauki konje, wato hutun haihuwa, duka in nemi haƙƙina a CNSS, asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, ko in dawo ranar arba'in ya biya ni cif. Ga inna kwance a Tawa, ni ke aika kuɗin magani. Wadda ta taɓa bi ta nan ta ba ni shawara.

Abban Sadik: Allah ya raba lafiya. Mai jego ta zauna ɗaki, ciyarwa ta maigida ce.

Zali: Dokar aiki ta 2012 sati 14 ta ba ki, takwas daga ciki bayan haihuwa. CNSS rabin albashi take biya. Cikon na patron sai kin cika shekara 2, ke kuma da saura.

Hajiya ta Wadata: Ƴata, kafin lissafi je ki duba ko an ma yi miki lambar rajista a CNSS. Shekara biyar ana yanke mini kotizasiyon, wato kuɗin zubi na CNSS, a rubuce kan takardar albashi. Na haɗa dosiye, takardun awo, takardar haihuwa, na je da jariri a goye. Ashe patron ɗina bai taɓa kai sunana ba! Ya ce laifin kontabul ne, kontabul kuma ya bar gari. Sarƙar aurena na sayar muka ci. Ranar da na koma, ƙanwar matarsa na tarar kan kujerata, har da kofina a gabanta.

Rabi: Innalillahi! Ba ki kai shi wajen sufeton aiki ba?

Hajiya ta Wadata: Da wace ƙafa? Tiyata aka yi mini.

Abban Sadik: Shi ya sa na ce haƙuri...

Rabi: Malam, ka taɓa naƙuda? To bari masu ita su yi magana.

Abban Sadik: Raguna bakwai na yanka, aljihuna ya yi naƙuda sau bakwai.

Zali: Akwai kuma kuɗin yara, jika ɗaya kowane yaro a wata.

Rabi: A'a, jika uku muke amsa.

Zali: Na wata uku ne a haɗe, Rabi.

Dan Ader: Ko ƙafar rago ba za su saya ba. Jika 110 na sayi na suna.

Rabi: An cuce ka, namu 75.

Hajiya ta Wadata: Ku bar ta rago. Tun Satumba 2024 aka ce haihuwa kyauta ce a asibitin gwamnati, amma da jikata ta zo, sau uku aka miƙo mana ordonans, takardar sayen magani, cikin dare.

Dan Ader: Mu har safar hannu.

Maman Nana, Bukoki: To lambar nan, a takardar albashi zan gan ta ko sai na je da kaina?

Rabi: Wace farmasi kuka samu a buɗe, Hajiya?