Fargabar rubutu a wajen ɗalibai: wa ya taɓa yin bincike a kai?

Dalibar_Ilimi ta rubuta:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Dan Allah ina neman taimakon waɗanda suka san kan bincike. Ina ajin ƙarshe ne, kuma abin da zan yi furojet a kai shi ne fargabar rubutu a tsakanin ɗalibai, wato wannan abin da yake kama mutum da zarar an ce ya rubuta muƙala ko an ba da asaimen, gabansa ya dinga faɗuwa ya kasa ko layin farko. Ba haka kawai na zaɓe shi ba, ni kaina ina fama da shi tun ina sakandare. Akwai daren da na zauna gaban kwamfuta tun ƙarfe tara har ɗaya saura, jimlar farko kawai nake rubutawa ina gogewa, tafin hannuna sharkaf da gumi, ƙarshe na rufe na kwanta kuma barcin ma ya ƙi zuwa. Kuma wallahi ba wai ban san abin da zan ce ba ne, da da baki za a tambaye ni sai na zayyana komai tsaf.

Malamin da yake duba aikina ya ce kar in ƙirƙiro tambayoyi da ka, in nemo ma'aunin da masana suka riga suka gwada. To wanne ne? Sannan wata ƙawata ta ce wai duk ƙiwa ce muke yi wa suna mai daɗi, maganar ta tsaya min a rai sosai.

Malamin_Harshe ya amsa:

Wa alaikis salam ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, fage ne da aka daɗe ana aiki a kansa. Tun 1975 wasu masana biyu a Amurka, John Daly da Michael Miller, suka fitar da ma'aunin da har yau ake amfani da shi, ana ce masa WAT a taƙaice. Jimloli 26 ne, ɗalibi zai karanta kowacce ya zaɓa daga 1 zuwa 5 gwargwadon yadda ya yarda da ita ko bai yarda ba, saboda haka jimillar makin tana faɗowa ne tsakanin 26 da 130. Inda ɗalibai suke yawan yin kwaɓa shi ne wajen lissafi, domin wasu jimlolin suna nuna son rubutu ne wasu kuma suna nuna tsoronsa, dole sai kin juya makin ɓangare ɗaya kafin ki tara, in ba haka ba duk abin da zai fito miki shirme ne kuma ba za ki gane ba sai ranar kare aiki.

Amma kafin ki ɗauka ki tambayi kanki, ɗaliban da za ki bincika da wane harshe suke rubutun? Shi ma'aunin Daly da Miller an gina shi ne a kan ɗaliban da suke rubutu da harshen da suka tashi da shi. In naki ɗaliban da harshe na biyu suke rubutu, ni shawarata ki ɗauki na Yuh-show Cheng ta ƙasar Taiwan, wanda ya fito a 2004, SLWAI sunansa, jimloli 22. Abin da ya sa na fi son sa shi ne ya raba fargabar gida uku. Akwai ta jiki, irin su bugun zuciya da gumi da rawar hannu da kan mutum ya ɗauke ɗif. Akwai ta tunani, wato damuwa da cewa za a ba ka maki kaɗan ko a yi maka dariya ko rubutun wasu ya fi naka. Sai ta gujewa, mutum ya yi ta ɗage aikin, gobe jibi, ko ya kauce wa duk wani kwas mai rubutu da yawa. Ki duba labarin da kika bayar, gumin nan na farko ne, gogewar nan ta biyu ce.

Kuma wannan ta ukun ita ce ƙawarki take gani ta kira ta ƙiwa. Daga waje kam kama suke yi, shi mai ƙiwa bai yi aikin ba, mai fargaba ma bai yi ba. Sai dai mai ƙiwa yana barcinsa lafiya. Shi Daly ɗin ma daga baya ya nuna cewa masu wannan tsoron har fannin karatu da irin aikin da za su yi suna zaɓa ne ta yadda za su kauce wa rubutu, kin ga abu ne mai iya sauya wa mutum hanyar rayuwa.

Mai_Nazari22 ya amsa:

Malam a yi min afuwa amma ni ina da ja kaɗan. A ganina yawanci rashin karatu ne ya kawo haka. Wanda ba ya karanta komai sai abin da za a tambaye shi a jarabawa ta ina kalmomi za su zo masa? Dole ya ji tsoro mana tunda bai iya ba. Kenan tsoron alama ce kawai, ciwon shi ne rashin iyawa, in aka gyara wannan tsoron zai tafi da kansa.

Malamin_Harshe ya amsa:

Babu laifi ɗan uwa, kuma rabin maganarka gaskiya ce. Bincike da yawa ya samu cewa masu fargaba sosai makinsu a rubutu yakan yi ƙasa, amma samun abu biyu tare ba ya gaya maka wanne ya haifi wani, kuma a nan kowanne yana ciyar da ɗan uwansa ne. Wanda bai iya ba zai ji tsoro, wanda yake tsoro zai guje wa rubutu, wanda ya guje kuma yaushe zai iya?

Inda ban bi ka ba shi ne akwai ɗalibai masu karatu sosai da suke maƙalewa. A wani bincike da ya fito a 1980, wani masani Mike Rose ya zauna da ɗalibai goma a jami'ar UCLA da ke Amurka, biyar masu maƙalewa biyar marasa yi, abin da ya gano shi ne masu maƙalewar ba jahilai ba ne, ƙa'idoji ne suka riƙe da ƙarfi fiye da kima, kamar a ce dole jimlar farko ta kama hankalin mai karatu, ko dole sai ka gama tsara komai kafin ka sa biro. Su kuma waɗancan biyar ɗin suna da ƙa'idoji amma in ƙa'ida ta tare musu hanya sai su ajiye ta su wuce. Na sha gani a aji. Akwai wata yarinya da na koyar, in ana tattaunawa ita ce kan gaba, amma a ba ta takarda sai ta miƙo rabin shafi duk ya sha gogewa har takardar ta huje. Da na zauna da ita ta ce tun wani malami da ya taɓa karanta rubutunta a gaban aji yana ƙirga kurakurai, duk jimlar da ta fara muryarsa take ji. Kai na mutum abin da yake iya riƙewa a lokaci ɗaya kaɗan ne, in tsoro ya cinye rabin wurin, ga neman kalma ga nahawu ga tsara hujja, dole wani abu ya zube. Mu malamai ma da namu laifin, jan biro a kowane layi ba tare da ko kalma ɗaya a kan ma'anar abin da yaro ya faɗa ba.

Ummu_Rubutu ta amsa:

Ƴar uwa ni ba masaniya ba ce amma na sha wannan wahalar lokacin da nake digiri na biyu, babi na biyu ya kai wata uku ban taɓa shi ba. Abin da ya cece ni wata dabara ce da wani malamin rubutu Peter Elbow ya yaɗa tun 1973, ki saita agogo minti goma ki yi ta rubutu ba tsayawa ba gogewa ba waiwaye, ko da abin da zai fito shi ne ban san me zan ce ba, ki yi ta maimaita shi har wani abu ya zo. Ni har hasken allon kwamfutar nake ragewa don kar idona ya ga kuskure hannuna ya kai kan gogewa. Gyara kuma sai washegari, rubutu daban gyara daban, haɗa su lokaci guda shi ne yake kashe mutum. A cikin shafi biyu na tarkace sai in tsinci layi huɗu masu kyau, to da su nake farawa.

Kuma in za ki ji shawarata kar ki tsaya a takardar tambayoyi kaɗai, ki zaɓi mutum biyar ko shida cikin waɗanda makinsu ya nuna tsoron ya yi yawa ki yi hira da su. Lamba za ta gaya miki nawa ne, amma daga ina abin ya faro sai baki da baki.

Dalibar_Ilimi ta amsa:

Allah ya saka muku da alheri, wallahi har na ji wani nauyi ya sauka. Ɗalibaina da harshe na biyu suke rubutu, to na Cheng zan ɗauka, zan kuma ƙara hirar kamar yadda Anti ta ce. Malam saura tambaya ɗaya, wasunsu Turancinsu bai yi ƙarfi ba, ya halatta in fassara musu jimlolin?

Malamin_Harshe ya amsa:

Ya halatta, amma kar ki yi ke kaɗai. Ki fassara, sai ki ba wani wanda bai taɓa ganin na asalin ba ya mayar da fassararki zuwa Turanci, ki jera biyun ki ga inda ma'ana ta goce ki gyara. Sannan ki fara gwadawa da mutum ashirin ko talatin waɗanda ba sa cikin ainihin waɗanda za ki bincika, ki tambaye su wace jimla ce ba su gane ba. Kar ki sa wurin rubuta suna a takardar, kuma ki roƙi malamin ajin ya ɗan fita lokacin da suke cikewa, don in yana tsaye a kansu kowa cewa zai yi ba ya jin tsoron komai.