Abin da na tattaro kan taki da tazarar bishiyoyi a tsoffin filayen kuza

Jama'a maganar da ake ta yi kan wane taki za a sa da wace tazara za a bari wajen dashen bishiyoyi a inda aka haƙi kuza ta yi tsawo, to ga abin da na tsinta game da filayen kuza na wajen Bukuru da Barikin Ladi a Jihar Filato.

1. Kusan kowa ya yarda ƙasar ta mutu, tsakuwa ce da jan laka, don haka takin gargajiya ne farko. A haƙa rami kamar rabin mita, a cakuɗa ruɓaɓɓen kashin shanu ko na kaji da ƙasar sama, a bari ya kwana biyu kafin dashe.

2. Takin zamani na NPK sai dashe ya kama, kaɗan, nesa da gindi. Takin yuriya kuwa da yawa sun ce a yi hankali, yana ƙara wa ƙasa tsami. Wasu sun kawo shawarar toka don rage tsamin.

3. Tazara nan aka rabu. Masu mita 2 sun ce inuwa na saurin rufe ƙasa ta tare zaizaya, hekta na cin bishiya 2,500, masu mita 3 kuma sun ce 1,111 ya isa tunda ƙasar ba ƙarfi, ni dai wajen mita 3 na fi karkata gaskiya.

4. Itacen turare ma an yi gardama a kansa, yana jure wahala amma yana shanye ruwa, wasu suka ce a haɗa da bagaruwa.

Dashe sai damina ta zauna, kuma a yi shinge saboda awaki.