Farin rufin eriyar da ke sansanin Kurawton: me za mu kira shi da Hausa?

1. 'Yan'uwa masu fassara, ina neman shawararku kan yadda za mu fassara kalmar Turanci radome, wato zagayayyen rufin da ake rufe eriya da shi. Malam da Hajiya daga cikinku sun riga sun kawo nasu, zan duba su a ƙasa. Ta taso ne a rubutu kan sansanin Kurawton da ke gundumar Nozamton a Ingila.

2. Ga tarihin wurin a taƙaice, don sai da shi za a gane abin. A 1938 aka share shi, filin jirgin sama ne mai ciyawa. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1942, nan ake koyar da tuƙin jirage marasa inji: wani jirgin ya ja su da igiya zuwa sama, ya sake su, su sauko da sojoji ba tare da ƙara ba. Bayan yaƙi aka mai da shi ma'ajiyar harsasai. Wajen 1950 sojojin saman Amurka suka karɓe shi, ya koma tashar sadarwa. Yau ba jirgin da ke tashi daga can, sai saƙonnin soja da ake karɓa ana miƙawa.

Abin da mai wucewa ke hangowa shi ne manyan fararen dunƙule-dunƙule a tsakar fili. Su ne radome ɗin, a cikin kowanne akwai farantin eriya. Da abin da siginar rediyo ke ratsawa ake yin rufin, ya tare iska da ruwa da ƙanƙara, ya kuma hana na waje ganin inda farantin ya fuskanta.

3. Malam, ka kawo "ƙwallon rada" (rada ita ce na'urar hango jirage). Allah ya ƙara basira, siffar ta fito, amma ban gamsu ba. Mai karatu zai ɗauka ƙwallon ne na'urar, alhali rufi ne kawai. Sannan aikin Kurawton sadarwa ne, ba hango jirage ba, to me ya kawo rada? Balle da yawanmu ba ma sa lanƙwasa a waya, sai wani ya karanta "raɗa".

4. Hajiya ta ce "rumfar eriya". Rumfa gefenta a buɗe yake, wannan kuwa a rufe yake ruf, kuma ɓoyewar na cikin aikinsa. "Kuben eriya" ya ja hankalina sosai, tunda kube yana karewa yana ɓoyewa, sai dai duk wanda ya ji shi dogon abu siriri zai zo masa a rai.

5. Ni dai na tsaya kan "ƙubbar eriya". Bahaushe ya san ƙubba, ya san zagayayyen rufi ce mai kare abin da ke ƙarƙashinta. Na gwada ta a jimla: "Ana hango ƙubbobin eriya na sansanin tun daga bakin titi." Ba ta yi wa harshe nauyi ba. Inda rada ce a ciki, a ce ƙubbar rada.

Saura jam'in: ƙubbobi, ko kuna da wanda ya fi shi daɗi a bakin mutanen Sakkwato da Damagaram?